Rigar da Ta Zo Daga Jidda

Diguel, N'Djamena, daminar 2004

Zuwa ga Lauratu, hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwar da nake fakewa idan ranar garin nan ta take, ya habibti, ruwan randa a tsakiyar bazara!

Ina gaishe ki gaisuwar wanda ransa ya ɓaci amma ya kasa daina so. Na ɗauki alƙalami in yabe ki kamar yadda na saba, sai na rasa wadda zan yaba. Wadda na sani ce, mai kumatu kamar gurasar da aka ciro daga tanda, mai takun da ƙasa ke amsawa? Ko wadda na gani jiya a gadon asibiti, idanu sun faɗa, wuya ya zama sillen kara, awarwaro na zamewa har gwiwar hannu? Wa ya sace mini ke, ya bar mini wannan?

Kin tuna yammacin da muka zauna a bakin kogin Chari, can gangaren Sabangali, da soyayyen kifi a takarda tsakaninmu? Kika cinye naki tas, kika miƙa hannu kan nawa ba ko kunya, kina dariya, mai yana sheƙi a leɓenki. A ranar na ce a raina, wannan ce zan ciyar har in koma ga Allah. Ni mahauci ne ɗan mahauci, ban iya waƙa ba, soyayyata a nama take. Duk bijimin da na feɗe, tozonsa naki ne, ko wa ya riga ki zuwa rumfa.

Sai Goggonki ta dawo daga aikin hajji da rigar amarcinki, fara, mai duwatsu, ɗinkin Jidda, rigar ta ƙi shigarki. Riga ce fa, Lauratu! Akwai tela a unguwar Paris-Congo da zai buɗe ta kafin shayi ya huce. Amma Saudat, ƙawarki ta makaranta, mai yawo da mujallun Faransa a jaka, ta ce miki yanzu ba riga ake ƙarawa ba, mace ake ragewa. Ta ce wai akwai masu ajiye tsutsa a ciki ta riƙa cinye musu ƙiba. Ita ta haɗiya? Ga ta can da kumatunta, ko leƙo ki ba ta yi ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hanyar da kika bi. Kin san al'adarmu: duk naman da muka ga fararen ƙwayoyi a cikinsa kamar tsabar shinkafa, gefe muke ware shi a ƙone, domin daga nan tsila ke shiga cikin mutum. Kika zo rumfata da murmushin nan da ke kashe mini jiki, kika ce kyanwarku ta haihu, in ɗan ba ki abin da za a zubar. Da hannuna na naɗe miki, har da gyara! Zaliha ƙanwarki ce ta faɗa mini tana kuka, cewa kyanwar ko ƙanshinsa ba ta ji ba. Ɗanye kika haɗiye shi. Duk mahautan garin nan, ba ki sami wanda za ki sa ya ba ki cuta ba sai mai sonki?

Tun daga ranar, ashe ba ke nake ciyarwa ba. Tsiren da na gasa da kaina, hantar da na hana manyan mutane, tozon da na ɓoye a ƙarƙashin tebur, duk wata makauniyar aba ce a hanjinki take cin rabona. Wallahi kishi nake da tsutsa, ki ji irin ƙasƙancin da kika ja mini! Ta sha jininki, ta sa miki jiri har kika faɗi a bakin famfo, ta murɗa miki ciki har maƙwabta suka ji ihunki. Matan unguwa kuwa sun fara raɗa cewa cutar zamani ce ta kama ki, mahaifiyata ta daina ambaton ranar biki. Na tsaya a gaban kowa na kare ki, amma na gaji.

Kuma yanzu likita ya ba ki magani, ya ce idan abar ta ƙara girma za ta iya toshe hanji, sai an kai ga yanka ciki. Zaliha ta tsinci maganin a ƙarƙashin matashinki. Wai kin ce a bari tukuna, saura kaɗan rigar ta shiga. Saura kaɗan! Saura kaɗan me, ya tauraruwata? Yaushe na taɓa cewa ki rage? Wace rana na dube ki na ga abin da ya yi yawa? Ni da nake roƙon Allah ya ƙara mini ke!

Ina roƙonki, don girman Allah, don darajar mahaifiyarki da ta rame a bakin gadonki, ki sha maganin nan yau. Rigar kuma ki ba Zaliha ta kawo mini. In kin so in kai ta wurin tela, in kin so in ƙone ta tare da naman da ya lalace. Ko a tsohuwar laffaya aka kawo mini ke, ni na yi dace.

Akwai wani farin yadi, Lauratu, da ba ya matse kowa, ba a kuma kai shi wurin tela a buɗe. Shi kike ramewa ki shiga, ba rigar Jidda ba. Kada ki sa in ɗauke ki a cikinsa.

Naki har numfashin ƙarshe, wanda ya so ki da dukan nauyinki, kuma bai yafe ko tsoka ɗaya ba,

Muntasir