A Ba Mu Izinin Fasa Akwati

Zuwa ga Shef ɗinmu, maigida Malam Alhasan, a lambunsa da ke Idlès.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kana lafiya kai da iyali, kuma wannan annoba ba ta leƙo inda kuke ba. Ni ne Lawali magini, ɗaya daga cikin mutum shida da ka bari a shantiyenka, wato wurin gininka na Tahaggart, a nan Tamanrasset. Na sa wasiƙar nan a guruf ɗin 'yan ƙasarmu na waya saboda taka wayar ta daina shiga, ko Allah zai sa wani mai zuwa wajenku ya karanta maka. Ba tona asiri nake nufi ba, dabara ce ta ƙare mini.

Na farko, bari in faɗi laifinmu kafin naka. Mu muka roƙe ka ka ajiye mana takardunmu. Duk magini ya san abin da zufa da siminti ke yi wa takarda a aljihu, shi ya sa tun zuwanmu muka tattara katunan shaidarmu muka ba ka, ka zuba su a akwatin ƙarfenka tare da naka kayan, ka datse da kwaɗo. Ranar har godiya muka yi maka. Wauta ce da ba ta wuce mu ba: mutum yana ƙasar wasu, ya ɗauki shaidar kansa ya sa a inda ba shi da mabuɗi.

Na biyu, ka ce mana kwana uku za ka yi ka dubo lambu. Kana tafiya aka sa dokar hana fita, aka rufe hanyoyi da iyaka. Wannan ba kai ka yi ba, na sani. Amma yau wata na uku ke nan. Azumi ya same mu a nan, Salla ta same mu a nan, cikin ginin da ko taga ba mu gama sa masa ba. Aiki ya tsaya. Ba mu iya taka bakin titi, domin wanda ba shi da takarda in ya hango jandarma, ko tari bai isa ya yi ba, balle a wannan zamani da tari ya zama laifi. Wani mai shago ɗan Maradi ne ke miƙo mana shinkafa da mai ta saman katanga, Allah ya saka masa. Na ƙirga bulon ɗakin da muke kwana har na san wanda abokin aikina Habu ya ɗora a karkace, kuma kullum sai na nuna masa, don ba mu da wata hira.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni sakat. Ni ɗan ci-rani ne, Malam. Ina zuwa bayan girbi, in koma kafin damina. Gonar da nake nomawa a ƙauyenmu, kusa da Matamaye, ta Baffana ce, ya ba ni da sharaɗi ɗaya: shekarar da ban shuka ta da hannuna ba, zai ba wanda zai shuka, kuma wanda ya shuka shi ke riƙe ta. Ba mugunta ba ce, haka ake yi a wajenmu, ba a barin gona ta kwana. Daga ita mai ɗakina da 'ya'yanmu uku suke ci. In ta kuɓuce, na zama magini har abada, mai rani da damina a ƙasar mutane.

Yanzu wakilan 'yan ƙasarmu suna rubuta sunayen masu son komawa gida. Ba su da wata tambaya sai ta kati. Na aika a gaya musu nawa yana nan, ina ganin inda yake, suka ce a kawo. Suna da gaskiya.

Ka san abin da ya fi ci mini rai? Akwatin yana ɗakin da muke. A kansa muke ɗora tiren shayi. Mu shida, kowa da guduma, mutanen da ke fasa dutse don neman tuwo, mun zauna muna kallon kwaɗon da bai fi kan albasa ba. Sau biyu Habu ya ɗauko guduma, sau biyu na riƙe hannunsa, na ce akwai kayan Shef a ciki, kada gobe a ce 'yan Nijar sun fasa akwatin maigidansu. Sai ya zamana ni da na fi kowa gaggawa ni ne mai gadinsa. Wallahi na gaji, kuma ina jin haushinka da haushin kaina.

An yi ta ce mana mu yi haƙuri, duniya za ta koma daidai. Mun yi. Na yarda wata rana za a buɗe masallatai, taksi su cika, mu sha hannu ba tsoro. Duk wannan zan iya jira. Damina ce ba ta san da annoba ba.

Don haka ga roƙona. Ba na ce ka zo ba, zauna ka tsare lafiyarka. Motocin kayan lambu an bar su suna shigowa daga wajenku, ka ba direba mabuɗin. In hakan ya yi wuya, hau tudun da ake samun rezon waya, ka kira kowa ka ga dama cikinmu ka ce mu fasa. Za mu fasa a gaban shaidu biyu, mu ɗauki katunanmu kaɗai, mu ɗaure maka sauran.

Shekaranjiya mai ɗakina ta aiko mini da saƙon murya. An yi ruwan farko a garinmu, maƙwabta duk sun fita shuka. Baffa ya ce zai jira ni zuwa ruwa na biyu, daga nan bakinsa ya fita, zai ba wani gonar.

Allah ya kare ka da iyalinka, ya sa wa lambunka albarka, ya yaye mana wannan cuta. Allah ya sa wasiƙar nan ta riga hadari isa.

Wassalam.

Lawali magini,
Tahaggart, Tamanrasset.