Na canza wa motar mijina birki bai sani ba

Mijina ya fi jin maganar tsohuwar motarsa a kan tawa, wannan ba zan ɓoye ba. Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi, a sakaya sunana, kuma kafin ku yanke mini hukunci ku karanta har ƙarshe. Da girmana na shiga makarantar manya, in rubutun ya karkace ku yi haƙuri.

A Kabo muke. Motar a-kori-kura ce da Malam ya gada daga mahaifinsa, kullum sai ya goge ta, ko madubi bai yarda a sauya ba. Birkinta irin na da ne, na diram, in ta ratsa ruwa sai ya jiƙe ya ƙi kamawa. Daminar bara a hanyar Masanawa muka fito daga mashigi, ya taka ya taka, mota na tafiya abinta, sai kunyar gonar wani ce ta tare mu, ga jikokina a baya. Na ce, “Malam, so kake sai ta kashe mu?” Ya ce, “Yadda Baba ya bar ta haka za ta tsufa. Ke da kika koyi karatu jiya, har kin zama injiniya?”

To karatun jiyan ne ya sa na gani a waya cewa ana cire diram a sa birkin faifai, wanda ruwa bai cika damunsa ba. Da ya tafi Umara bana na kira makanikensa na Gwarzo, Malam Bitrus, ɗan Filato, na sayar da ragona aka yi aikin a ƙafafun gaba. Da zai ba ni makulli ya ce, “Hajiya, ki gaya masa kafin ya hau. Ƙafarsa ta saba da tsohon.” Na ce ya bar ni da mijina, kuma kada in ji maganar a bakin kowa.

Ni da ba na shakkar kowa a garin nan, sai ga shi bakina ya mutu. Malam ya dawo daga Umara, ya zaga gari da motar a hankali, ya shigo yana dariya wai mota ta yi kewarsa, birki kamar sabo. Wace dama ce ta fi wannan? Na taya shi dariya na wuce madafa.

Ranar Juma'a ya ɗauki mahaifiyarsa, Inna, zuwa suna a Masanawa. Suna fita daga ruwan nan ya danna birki da dukkan ƙarfinsa yadda ya saba, mota ta kafe nan take, goshin Inna ya daki gilashi, sai da aka yi mata ɗinki. Tana kwance take ce masa, “Ɗan nan, ƙafarka ta tsufa, ka bar tuƙi.” Da ma yana da ciwon suga, sai ya yarda ƙafar ce ta daina ji. Ƙannensa suka taru suka ce kada ya sake hawa. Ya miƙa musu makulli bai yi musu ba, mutumin da tuƙi ne abin alfaharinsa tun yana saurayi. Yanzu a zaure yake wuni yana matsa tafin ƙafarsa. Jiya da la'asar ya ce mini, “Ashe gaskiyarki, ni ne zan kashe ku.” Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ban yi nadamar birkin ba, shirun da na yi ne ke cina. In na faɗa, zai san ƙafarsa lafiya lau, amma na san halinsa, a ranar zai sa a mayar da tsohon birki, ga damina ba ta ƙare ba. In na ci gaba da shiru, na zaunar da lafiyayyen mutum a zaure ke nan.

Yau da safe na hau mota zuwa Gwarzo na karɓo tsofaffin diram ɗin a wurin Malam Bitrus. Ga su nan cikin buhu a bayan ƙofar ɗakina, Malam kuma yana zaure. In kai su gabansa in faɗa, ko in fara jefa su a tsohuwar rijiya sannan in faɗa? Me zan yi?