Burwet Arba'in na Maƙerar Lurwanu

Keita, 9 ga Janairu 1986

Zuwa ga ƙanena Surajo,

Bayan gaisuwa mai yawa, duk muna lahiya. Inna na gaishe ka, ƙanwarmu Lalla ma haka. Ta samu shiga aikin jera duwatsu a kan tudu.

Masu aikin gyaran ƙasa sun ba ni ƙirar burwet arba'in, wato baro na turawa, ta ɗaukar dutse. Sabon tol, wato fallen ƙarfe, babu, sai tsoffin tano, gangunan man gazuwal, da nike fasawa in daddale. Baba, Allah ji ƙan shi, riɓi biyu na tol yake sa wa gindin burwet. In na yi haka, tanon ba su isa. Shekara shida kana Faransa kana karatun ƙarfe. Riɓi ɗaya ya ɗauka?

Wanka, Lurwanu

Metz, 2 ga Fabrairu 1986

Yaya Lurwanu,

Ina gaisuwa da fatan alheri. Tambayarka ita ce aikina. Nakan zana fallen tol a cikin ordinater, na'ura mai ƙwaƙwalwa, in raba shi ƙananan gidaje dubbai, na'ura ta lissafa yadda kowane gida zai miƙe in an ɗora nauyi, inda zai lanƙwashe bai komo ba, da inda zai tsage. Na saka burwet ɗinka. Riɓi ɗaya ya ɗauki kilo ɗari da hamsin, in ka naɗe baki sau biyu. Ga zane. Ka bar ƙwanƙwasa ƙarfe kana saurare, Yaya, yanzu lissafi ake yi.

Naka, Surajo

Keita, 20 ga Afrilu 1986

Surajo,

Sallama. Na bi zanenka ban kauce ba. Da na ƙwanƙwasa ta farko, kukanta bai yi mini ba, amma na ce wane ni in yi gardama da takarda.

Sati ukku sunka yi ana aiki da su. Ran Talata Lalla na turo ɗaya a gangara, gindin ya yage, duwatsu sunka zubo mata, tol ɗin ya shige mata a ƙafa. An kai ta asibiti, an yanke daga idon sawu. Sun maido mini sauran talatin da tara, suna nan jibge ƙofar gida, kowa ya wuce sai ya duba. Mijin Lalla bai amsa sallamata. Ban gaya ma kowa akwai hannunka ba.

Lurwanu

Metz, 15 ga Mayu 1986

Yaya,

Ina gaisuwa, ina jajantawa. Na koma kan lissafin. Na ba na'urar ƙarfin sabon tol, alhali naka an taɓa naɗe shi, ya ci tsatsa, ka kuma daddale shi da guduma. Ƙarfen da ya sha bugu tauri yake yi, ya daina miƙewa, sai tsagewa. Na san wannan, a kansa nake rubuta littafin diplom ɗina. Ban tambaye ka ba ne kawai.

Malamina ya ce abin da ya faru misali ne mai amfani. Don Allah ka aiko mini guntun wurin da ya yage in auna. Ka gaishe da Lalla.

Ƙanenka, Surajo

Keita, 30 ga Yuni 1986

Yaya Surajo,

Lalla ce, Liman ke rubuta mini. Ina gaishe ka. Yaya Lurwanu ya rufe maƙera ya tahi Abijan, ya bar mini takardarka.

Ga guntun da ka roƙa. Wanda likita ya ciro daga ƙafata ne, ban wanke shi ba. In ka gama aunawa ka riƙe, ba mu buƙata.

Allah ba da sa'ar diplom.

Lalla