An Binne Hamdia Ina Kan Dutse

Nima, Accra

Zuwa ga yayata Awabu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigida da yara. Allah Ya ba ki sauƙin ƙafar nan, Ya sassauta muku zafin Yamai. Mu nan lafiya lau, sai Mma da ciwon gwiwa, amma har yanzu ta hana kowa tuƙa mata tuwo, wai hannunmu bai iya ba. Samiratu ta sauka lafiya, namiji, an yi suna a Kotobabi, kowa sai tambayarki yake. Na san za ki ce Lariba ba ta rubutu sai ta shiga uku. Gaskiyarki. A waya ba zan iya faɗin wannan ba, kuka zai riga ni.

Kin san aikin da muke yi a ƙungiyar cocinmu, na tsaya wa 'yan matan da ke dakon kaya a kasuwar Makola. A cikinsu akwai wata Hamdia, 'yar arewa, Musulma kamar ke, mai bakin tsiya, ba ta kirana komai sai Anti Lauya, alhali ko ƙofar makarantar lauyoyi ban taɓa gani ba. Wata rana ana ruwa ta fake a bakin wani shago da kwanonta. Mai gadin shagon ya ce ta tashi, ta ce sai ruwa ya tsagaita, shi ne ya yi ta shurin ta a ciki a gaban jama'a. Ni na kai ta asibiti, ni na kai ƙara wurin 'yan sanda. Aka ba ta magani aka sallame ta, ta koma ɗakin da suke haya su da yawa a Mamobi, tana tafiya a duƙe. Na yi mata alkawari wannan karon ba za a sha banza ba.

To, Yaya, a lokacin ni kaina na gaji liƙis. Shekaru muna zirga-zirga tsakanin asibiti da ofishin 'yan sanda, ba mu taɓa ganin an hukunta kowa ba. Na zama mai faɗa, har Mma ta ce fuskata ta fi ta mai gadin muni. Sai Fasto ya ce duk mu ma'aikatan ƙungiya mu hau dutsen addu'a na 'yan kwanaki, mu yi azumi, don wanda ya bushe a ciki ba abin da zai ba wani. Dokar wurin ita ce a bakin ƙofa ake karɓe wayar kowa a zuba a kwando, sai ranar sauka. Na yi gardama, na ce ina da mara lafiya. Ya ce ai wannan ita ce cutar tawa, ina ganin in ba ni duniya za ta tsaya. Ya ce in bar wa Allah Hamdia. Na kashe wayar na miƙa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, addu'ar ta yi aiki. Ba zan yi miki ƙarya ba. Na durƙusa a kan dutsen nan na yi kukan da na shekara ban yi ba, na ji an sauke mini kaya daga ka. Na yi waƙa har muryata ta dishe. Na yi wa mai gadin nan ma addu'a, ni Lariba! Tun ina yarinya ban taɓa jin Yesu kusa da ni kamar haka ba. Na sauko ina murmushi kamar amarya.

A tashar Circle na kunna wayar, ina shirin shiga mota. Duk kiran Muniratu ne, wadda suke ɗaki ɗaya da Hamdia. Na kira ta, ta ce washegarin tafiyata cikin ya kumbura, Hamdia ta ƙi a kai ta ko'ina, wai a jira Anti Lauya, ita ta san likitan. Suka yi ta jira. Da safe ta cika. Mai gidan, Alhaji Moro, ya ce gawar 'yar mutane ba za ta kwana a ɗaki ba a Zongo, unguwar Musulmi, muna raye. Ya sayi likkafani, mata suka yi mata wanka, aka sallace ta, kafin la'asar an kai ta makwancinta. An ce jama'a sun taru kamar 'yar gidan wani babba.

Da na je wurin 'yan sanda, mai riƙe da ƙarar ya ce tunda an binne ba tare da likita ya duba gawar ba, ba mai iya cewa shuri ne ya kashe ta. Sai dai a tono ta, wannan kuwa ko kusa Zongo ba za ta yarda ba, ni ma bakina ba zai iya roƙa ba. Na tafi gidan Alhaji Moro da niyyar in zazzage masa, na tarar da tsoho yana share hawaye, yana ce mini ya yi mata abin da zai so a yi wa 'yarsa. Wa zan zaga? Da ina nan, kalma ɗaya zan faɗa, a dakata. Mai gadin yana nan a bakin shagonsa, jiya ma na gan shi yana cin gyaɗa.

Tun ranar ban sake addu'a ba. Ina durƙusawa, bakina ya ƙi buɗewa. Fasto ya zo ya yi mini ta'aziyya, shi ma jikinsa a sanyaye, amma yana so ranar Lahadi in ba da shaidar yadda Allah Ya sabunta ni a kan dutse. Me zan ce musu? Ya sabunta ni, gaskiya ne, kuma ina cikin waƙa yarinyar tana kiran sunana. Ban daina yarda da Shi ba, Yaya, tsoron zuwa gabansa nake, kar in sake jin daɗin nan. Makola kuwa ba na iya shiga. 'Yan matan suna aiko mini, ina cewa ba ni da lafiya.

Uwar Hamdia na hanya daga ƙauye, Muniratu ta gaya mata akwai wata Anti da ta tsaya wa 'yarta, tana so ta zo ta yi mini godiya.

Ki gaishe mini da maigida Saddique, da Ruhaina da Mubashir, da surukarki. Mma tana gaishe ki, ba ta san da rasuwar ba, kar ki gaya mata. Abu ɗaya nake roƙonki. Ke da kika bi Baba masallaci, in kin sa goshinki a ƙasa, ki ambaci Hamdia. Ni kar ki roƙa mini kwanciyar hankali, na same ta a kan dutse, na ga ran da ta ci. Ki roƙa mini abin da zan faɗa wa matar nan in ta kama hannuna.

Taki ƙanwa,
Lariba