Irin Geron Babanmu da Labarin Ruwan da Ya Tsaya a Waya

Zuwa ga Shugaban masu hasashen yanayi na ƙasa,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ni manomi ne a Maruda, ƙasar Gwandu. Godiya ce ta kawo ni, sai ɗan ƙorafi a bayanta.

Na ɗaya. Da can ina cikin masu yi muku dariya, ina cewa wa ya hau sama ya leƙo? Bana na kama bakina. Mu nan mun saba yin binne, wato mu shuka iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. Ina shirin yi sai 'yata Hajaru, wadda ke aure a Kalgo, ta kira ni ta ce ta gani a waya kun ce ruwan farko zai sauka ya ɗauke. Na yi gunaguni, amma na mayar da irin rumbu. Haka kuwa aka yi. Sai da damina ta zauna na shuka, yau geron ya fi ni tsawo. Raina fari ƙal, alhamdulillahi.

Na biyu. Kafin in aika wa ƙanena Sanda a Dodoru, ya riga ya binne nasa kaf. Ruwan ya zo, iri ya tsiro, rana ta ƙone shi. Ba kowane gero ba ne. Irin babanmu ne, mai jure fari, ba a samun sa a kasuwa, mu biyu kaɗai ke riƙe da shi. Ba ku yi ƙarya ba, labarinku ne ya tsaya a waya, da Turanci. Sanda kuwa rediyo kawai gare shi, kuma ba shi da 'ya a Kalgo.

Na uku. Ina roƙo a riƙa faɗin labarin da Hausa a rediyo bayan magariba, lokacin da muka dawo daga gona. A ambaci ƙasar Gwandu da sunanta, domin jiha tana da faɗi. A bai wa masu unguwanni da limaman Juma'a tun bazara, su isar mana.

Ruwa na Allah ne, mun sani, amma ku Ya ba ilimin duba alamunsa. Da kaka zan raba irin biyu in ba Sanda rabi. Sai dai idan baɗi muka yi kuskure tare, babu wanda zai ba wani.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya saka wa ma'aikatanka da alheri.

Wassalam.

Naka,
Bawa Manomi, Maruda