Tuffar Orpha

Asabar, 9 ga Maris
Keith ya sayar da gonar Baba. Ƙanena ne, ba zan zage shi a rubuce ba. Waɗanda suka saya, inabi za su shuka. Cikin Afrilu za su tumɓuke komai, har tsohuwar bishiyar tuffar da ke bayan rumbu. Irinta ita kaɗai ta rage a duniya, in dai Gwaggo Verna ba gishiri ta ƙara ba.

Lahadi, 10 ga Maris
An ce kakar kakanmu Orpha ce ta tsinci tsiron a jujin da ake zubar da tuƙar tuffa bayan an matse ruwanta. Ba ta shuka ba, saniya kawai ta hana ci, shi ke nan suna ya bi ta. Tuffa ce mummuna, fata kamar ta dankali. A Oktoba tsaminta kashe haƙori yake yi. Sai ta yi wata huɗu a ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa ta koma zuma. Cikin Fabrairu Baba kan fere ɗaya, ya miƙo mana yanka-yanka a bakin wuƙa. Ina ci ina karatu. Ban taɓa ɗaga kai na ga me hannunsa ke yi ba.

Talata, 12 ga Maris
Na gaya wa Gwaggo na adana ƙwayoyin iri a ambulan. Dariya har da tari. "Shekara talatin kana koyarwa a birnin Halifax, ba ka san ƙwayar tuffa ba ta gadon uwarta ba? Shuka mana, aladu su gode maka. Reshe ake yankowa a yi masa aure da wani gindi, Malam."
Na sani fa. A littafi.

Alhamis, 14 ga Maris
Na yanko reshe goma sha biyu daga tsohuwar bishiyar, kaurin fensir. Suna firjin Gwaggo cikin jiƙaƙƙen tsumma, gefen man shanu.

Laraba, 17 ga Afrilu
Sun kayar da bishiyar. Ban je ba.

Asabar, 4 ga Mayu
Yau muka yi wa rassan aure da ƙananan gindi. Gwaggo tana da shekara tamanin da huɗu, hannu na rawa. Ido nata, wuƙa tawa. "Yanka ɗaya, ba fiƙe fensir kake ba! Ubanka yana yi yana zagin gwamnati, ba ya ma dubawa." Ɓawo ya haɗu da ɓawo, a ɗaure, a shafe da kakin zuma. Na ɓata huɗu, na yanke a babban yatsa.

Talata, 21 ga Mayu
Shiru. Sanduna takwas a bokitai.

Lahadi, 26 ga Mayu
Biyu sun yi toho, ganye kamar kunnen ɓera. Gwaggo ta ce sai shekara biyar za su yi 'ya'ya. "Ni ba zan gani ba. Kai ka gani." Na ce ina da rayuwata a Halifax.
Da yamma na taka filin bayan gidanta, taku ashirin daga inda za a haƙa ramin dashe zuwa na gaba. Miƙe ƙafa kawai nake yi.