Baba, Ban Yafe wa Mai Kamiyonet Ba

Assalamu alaikum Baba. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ɗiya ga mahaifinta, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Inna tana nan La Courneuve, ta gama takaba, amma har yau ba ta yarda ta hau otorut, babbar hanyar nan ta motoci masu gudu.

Ka tuna ranar da ka taso daga Paris za ka zo Lyon ka ga na kare digirina? Ka kira ni da hantsi, ka ce ka sa babbar rigarka ta Damagaram don farfesoshin su san ɗiyar wa suke tambaya. Na yi ta duban ƙofar zauren. Jandarma ne suka kira ni a madadinka.

Kamiyonet ce, ƙaramar motar wani kamfanin kai kaya, ta bar layinta ta tura motarka jikin ƙarfen gefen hanya, da rana tsaka. Direban ya yi gyangyaɗi.

Ga abin da ba ka sani ba, Baba. Motar tasu sabuwa ce. Tana da na'urar nan da doka ta wajabta yanzu, wadda ke yin ƙara in mota ta kauce, ta maido da sitiyari kan layi. Direban ya faɗa gaban alƙali cewa maigidansu ne ya koya musu kashe ta kowace safiya, wai tana damun su, tana rage musu sauri.

Kawu Isufu ya zo har Vaulx-en-Velin inda nake zaune, ya ce in yi haƙuri, kwananka ne ya ƙare. Na durƙusa na gaishe shi, na ce na yarda da ƙaddara, amma yatsan mutum ne ya danna maɓallin. Direban ya yi kuka, na bar shi da Allah. Maigidan kuwa ko kallonmu bai yi ba. Shi nake bi. Zan zauna a layin gaba duk ranar shari'a, da hotonka a cinyata, har a rufe kamfaninsa. Ina so ya rasa barci yadda Inna ta rasa.

Na san kai mai sanyin zuciya ne. Kullum cewa kake, "Hadiza, sannu-sannu." Wannan karon ka yi mini afuwa, Babana.

Allah ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka, ya saka mana tun a duniya.

Ɗiyarka da ta jira ka a ƙofar zaure,
Hadiza